Tsegumi: Abin da Masu Gadi Suka Gani a Gaɓar Ikko

Ku matso kusa, maganar yau ba ta ɗaga murya ba ce. Duk wanda ya ce muku asirin manyan Ikko yana hannun 'yan jarida ko jami'an tsaro, bai san garin ba. Yana hannun mai gadi, da mai tsire, da ɗan canji, da direban da aka bari a mota yana fama da sauro, kuma yawancinsu namu ne. Tun daga Badagry har Epe, da wuya ka samu otal ko mashaya ko gidan rawa da babu ɗan Arewa ko ɗan Nijar a bakin ƙofarsa. Masu shiga ba sa kallonsu, shi ya sa su suke kallon kowa.

Bari in fara da wani mai tsire da ke kafa tukubarsa gefen wani gidan rawa a unguwar Victoria Island. Ya ce akwai wani babban mutum da ya saba zuwa. Daga filin jirgi yake tasowa da babbar riga da zanna bukar, kafin a gama ƙetare gadar Third Mainland ya rikiɗe a kujerar baya: wandon jins, ƙaramar riga, hular hana-sallah an danno ta har hanci. A ciki, in ji masu kai kaya teburi, ba a ajiye masa kwalba a gaba. A kofin shayi ake zuba masa, har da ɗan faranti a ƙasa. Wajen ƙarfe uku na dare ya fito ya tsaya gaban tukuba yana ta zuba Turanci, wai shi bai taɓa jin Hausa ba. Aka yanka masa balangu, aka barbaɗa yaji, ya kai loma ta farko, yajin ya sarƙe shi. Sai ga bawan Allah yana tari yana "Wayyo Allah! Innalillahi!" da karin harshen da ko a waya ka ji ka san garinsu. Mai tsire ya miƙa masa ruwan leda ya ce, "Sannu Alhaji, a sha a hankali, ranka ya daɗe." Tun daga daren nan, in ya zo, kuɗin tsiren dubu biyar yake biya da dubu ashirin, kuma ba ya karɓar canji. Sunansa? Ai mai tsiren ma bai gaya mini ba, yana da 'ya'ya a makaranta.

Amma kada ku ɗauka a gidajen kiɗan nan ake yanke manyan shawarwari. Can hayaniya ce ta yara da sababbin kuɗi. Inda ake raba kwangila da kujerun shugabancin bankuna, babu ko ganga. Akwai Ikoyi Club 1938, wanda shekarar kafuwarsa ke manne a sunansa, daga haɗewar kulob ɗin Turawa da na 'yan wasan golf. Akwai Yoruba Tennis Club na 1926 da Island Club na 1943, dukansu a Onikan, da Metropolitan Club a titin Kofo Abayomi, inda cin abincin ranar Talata ya fi wani zaman majalisar tasiri. A irin waɗannan wurare kuɗinka kaɗai ba ya shigar da kai. Sai wani ɗan gida ya gabatar da kai, wani ya mara masa baya, a zauna a tantance ka, sannan ka jira. Na san attajiran da suka mallaki tireloli a Apapa fiye da a ƙirga, amma har yau a matsayin baƙo suke sa hannu a littafin ƙofa, abin yana ci musu rai.

Abin dariyar shi ne tushen wasu daga cikin kulob-kulob ɗin nan ƙorafi ne a kan rufe ƙofa. Turawa ne suka hana baƙar fata shiga nasu, lauyoyi da likitocin Ikko suka yi zuciya suka kafa na kansu. A 1947 otal ɗin Bristol ya hana Ivor Cummings ɗaki, jami'in Ofishin Mulkin Mallaka ne sukutum daga Landan, laifinsa kawai mahaifinsa ɗan Saliyo ne. Garin ya ɗauki zafi har sai da Gwamna Arthur Richards ya haramta wariyar launi a irin waɗannan wurare. Yau jikokin waɗanda suka yi wancan bore su ne ke zaune a kwamitin tantancewa suna duban takalmin mutum.

Ku biyo ni titin Ahmadu Bello Way. A kan titin da ke ɗauke da sunan Sardauna ne otal ɗin Federal Palace yake, wanda aka buɗe a 1960, shekarar 'yancin kai, kuma a cikinsa akwai gidan caca mai lasisi. Wannan ban ce komai ba, ku dai ku juya shi a ranku. Gaba kaɗan, a titin Adetokunbo Ademola, ga Eko Hotel da ya fara aiki a 1977. Duk ɗan canjin da ya daɗe a kewayen nan zai iya gaya maka lokacin da siyasa ta fara zafi ba tare da ya saurari rediyo ba: in ka ga ana neman dala da tsakar dare, a ƙananan ambulan masu yawa, to akwai wakilan jam'iyya a gari.

A gidajen rawa na titin Ozumba Mbadiwe zuwa Lekki kuwa, ba shan ake saya ba, gani ake saya. In mutum ya yi odar kwalba mai tsada, sai a katse kiɗa a sako wanda suke kira Dorime, 'yan mata su jero da kwalaben a sama ana tartsatsin wuta, wani mai makirfo yana kururuta sunansa, maroƙi ne dai aka sa masa tabarau. Sai liƙi. Sababbin takardun naira da banki zai ce maka babu, ga su ɗauri-ɗauri a bakin ƙofa, ka biya riba ka ɗauka. Wani ɗan canji ya ce mini kasuwar ta ɗan yi sanyi bayan Afrilun 2024, lokacin da kotu ta ɗaure Bobrisky wata shida kan wulaƙanta naira, aka kuma gurfanar da Cubana Chief Priest kan laifi iri ɗaya, dukansu fitattu a soshiyal midiya. Dokar Babban Banki ta 2007 ta daɗe da hana liƙi, ba a dai cika kamawa da gaske ba kafin lokacin. To me ya canja? Yanzu a kwano ake zubawa, ko a miƙa ɗauri guda a hannu, sannan a roƙi kowa ya kifa wayarsa.

Ga wata da ba a so a faɗa a gida. Kowace kwalba da aka buɗe a daren nan tana ɗauke da harajin VAT, kashi 7.5 cikin ɗari, ban da kashi 5 da jihar Legas ke karɓa a otal-otal da gidajen abinci. Na Legas nata ne. VAT kuwa asusu guda yake shiga a raba wa kowa, har da jihohin da ake bi ta kan kwalabe da motar daɓe hanya ana kabbara. Nyesom Wike ya yi ta yi mana gori da wannan a 2021 yana gwamnan Ribas, muka fusata, amma ban ji jihar da ta mayar da kasonta ba. Alhajin kofin shayi ma na iya cewa gudummawa yake bai wa jiharsa ta bayan gida.

Yanzu ga babban tsegumin, wanda masu gadi ke yi da fuska a murtuke: tekun ma ana rufe shi. Da Bar Beach ta kowa ce, har an taɓa taruwa can kallon harbin 'yan fashi, irin su Oyenusi a 1971. Yau an cike ta da yashi, birnin Eko Atlantic ne a kai. Kuramo, matattarar mashayun katako inda talaka ke raba dare da canjin aljihunsa, an share ta bayan ambaliyar teku ta 2012. A Afrilun 2024 katafila ta shiga Landmark Beach don a buɗe wa babbar hanyar Legas zuwa Kalaba wuri, mai tsawon kusan kilomita 700. Mai wurin, Paul Onwuanibe, ya yi kuka a kafafen labarai, ministan ayyuka David Umahi ya ce filin gwamnatin tarayya ne. Abin da ake raɗawa a teburan Ikoyi shi ne: Eko Hotel, da Eko Atlantic, da kamfanin Hitech mai gina hanyar, duk na gidan Chagoury ne. Atiku Abubakar ya fito fili ya soki yadda aka ba da kwangilar, gwamnati ta ce komai bisa ƙa'ida aka yi. Wanda ba a tambaya ba shi ne mai tsire da mai shayi da mai wankin takalmin da ke cin abinci a bakin waɗancan rumfuna. Dama tun Yunin 2022 an kori 'yan acaɓa daga Eti-Osa da wasu ƙananan hukumomi biyar, masu kwasar ma'aikatan mashaya da asuba ke nan.

Masu neman shaƙatawa nesa da Ikko ma ba su rasa wajen zuwa ba: Fatakwal na da tsohon kulob ɗinta da Hotel Presidential, Kalaba na cika a Disamba saboda bikin kanibal da aka fara a 2004 zamanin Gwamna Donald Duke, masu tsoron idon sani kuma su ƙetara iyakar Seme su kwana a Kwatano. Sai dai manyan na gaske sun gano wata dabarar. Jirgin ruwa suke hawa daga Ikoyi zuwa Ilashe, inda gidajen shaƙatawa ke jere a bakin teku, babu titin mota, babu tukuba, direba kuma a bar shi a tashar jirgi. Nan ne labari ke yanke mini, don matuƙan jiragen ba yarenmu ɗaya ba, kuma an toshe musu baki da kyau.

Saura ke, Hajiya. In maigida ya ce taron gaggawa ne a Ikko ranar Juma'a da yamma, kada ki wahalar da kanki da binciken waya, ya riga ki gogewa. Ma'aikatu ba sa zama ranar Asabar. In ya dawo, ki karɓi jakar da fara'a, ki ce za ki sa a goge takalman, sannan ki kifa su a kan tabarma ki ga ko yashi zai zubo.