Alhaji, otomatik ba ta jin turi

A unguwar Ridina ta Injamena, gardamar giyar hannu da otomatik takan mutu ne a watan Agusta, sa'ad da ruwa ya mai da lunguna taɓo. Alhajin da ya sayi Land Cruiser otomatik don ƙafarsa ta huta da kulochi, ga shi batir ya mutu, yana kiran yara su tura. Su tura ina? Ko duk Injamena ta sa hannu, motar ba za ta tashi ba. Mai tsohuwar fikof kuwa, jinin waɗanda suka kori sojan Libiya daga garin Fada a 1987, giya ta biyu zai sa, ƙarti huɗu su ingiza, ya bar su da hayaƙi. Alhaji, in otomatik ɗin ce dole, haɗa da sabon batir da lambar bakanike.