Ranar da Amalanke Ta Wuce Mu a Hanyar Kara

Surukina ba mutum ne mai neman alfarma ba. Shi ya sa da ya aiko cewa ranar Laraba in zo in kai shi kara, wato kasuwar shanun Potiskum, na yi wa tsohuwar Carina tawa wankan da ba ta taɓa gani ba. Ita kuwa ta saka min da alheri: ranar Talata da hantsi na taka kuloci, ya tafi ƙasa ya yi kwanciyarsa.

"Kulocin sama ne ya mutu, Yallaɓai," in ji bakanike. Wata 'yar silinda ce a bayan feda, in ka taka sai ta tura mai ta siririn bututu zuwa kulocin ƙasa, shi kuma ya raba inji da giya. Potiskum garin tireloli ne, kayan babbar mota ko da tsakar dare ka nema za ka samu. Na Carina kuwa, wai sai an aika Ƙofar Ruwa a Kano, ya iso jibi.

Na ce jibi ai an tashi kasuwa. Sai ya shiga cikin tarkace ya fito da na wata akori-kura, ya hure masa ƙura. "Uwarsu ɗaya ubansu ɗaya," ya ce. Ramukan noti ba su hau ba, aka ci su da fayil. Sandar da ke turawa ta gaza, mai walda ya ƙara mata tsawo da ido. Aka aiki yaro sayen man birki, ya dawo da jan man sitiyari, wai shi ya fi araha.

"Oga, wannan zai yi kuwa?"

"Mai ai mai ne. Wannan ma ya fi santsi. Buga! Riƙe! Saki!"

Haka na yi ta bugawa ana cire iska har aka kira magariba.

Da safe Baba, surukin nawa, ya fito cikin babbar riga, ya shiga gaba, ya yi addu'ar hawa abin hawa. Na taka kuloci, na ji kamar ina danne bijimin da za a yanka. Sai da na riƙe sitiyari da hannu biyu na miƙe daga kujera kafin giya ta shiga. Ina ɗaga ƙafa kaɗan, mota ta yi tsalle, hular Baba ta koma kujerar baya. Kunyar surukuta ta hana shi magana, ni ma ta hana ni. Ya miƙa hannu ya ɗauko abarsa.

Wanda ya san hanyar kara ranar Laraba ya san ba tuƙi ake yi ba, rarrafe ake: tireloli masu lodin shanu zuwa kudu, Keke Napep, 'yan kamasho, makiyaya da sanduna. Ga zafin Afrilu ya haura digiri 40. Kowane taku sai na miƙe, kowane saki sai mun yi tsalle. Can sai abin ya sake salo. Inji na kururuwa, mota ba ta gaba, wani ƙauri na tashi. Wata amalanke ta zo ta wuce mu, yaron da ke kanta har da ɗaga mana hannu.

Baba ya gyara murya. "Malam, ko dai in taka? Ai mun kusa."

"A'a Baba, ranka ya daɗe, hutawa take yi."

Da ta huce ta tashi, da ta yi zafi ta sake tsayawa. Muka isa an sayar da bijiman da ya zo dominsu.

Kafin Juma'a fedar ta sake kwanciya, aka ja motar zuwa wurin wani dattijon bakanike a hanyar Damaturu. Ya kwance, ya auna, ya jera min laifukan a kan buhu. Faɗin cikin silindar motata milimita 16 ne, ta akori-kura 19. Wannan 'yar tazara ta ƙara wa ƙafata nauyin kusan kashi 40 cikin ɗari, ta kuma sa kulocin kamawa farat ɗaya. Sandar da aka ƙara ta yi tsawo, ta hana fistin komawa baya, ya toshe ƙaramin ramin da mai ke bi ya koma ƙoƙon ajiyarsa. Mai ya yi zafi ya kumbura, ya rasa mafita, sai ya riƙa taka min kuloci da kansa. Shi ne farantin kuloci ya yi ta sulɓi har ya ƙone.

Sannan ya nuna min robobin, sun kumbura sun yi laushi. Ya ce an yi su ne don man birki, man sitiyari da na giya da duk dangin fetur cinye su suke yi. Ya goge murfin tsohon ƙoƙona, ga rubutu ɓaro-ɓaro: DOT 3. Ya ce da shi da DOT 4 suna haɗuwa, na huɗun ya fi jure zafi, sai digiri 230 yake tafasa, na ukun 205. DOT 5 kuwa na silikon ne, ba ya shiri da su. Kuma kada in sayi wanda aka buɗe ana awonsa a kwalba, don man birki na shan danshin iska.

"Ka gode Allah ba birki suka taɓa ba, ɗana. Da ba amalanke ce za ta wuce ku ba, ku ne za ku shige cikinta."

Na sayi kulocin sama, na ƙasa, robar bututu da sabon faranti, kuɗin da ya isa sayen ɗan maraƙi. Ƙafar hagu kuma ta yi kwanaki tana ɗingishi, a masallaci ana ta yi min sannu.

Da aka gyara, na aika a gaya wa Baba mota ta warke, Laraba mai zuwa ina nan tafe. Uwargida ta dawo da amsa: yana godiya ƙwarai, Allah ya yi albarka, amma ya riga ya yi magana da yaron nan mai amalanke.