Idan Vim Ya Ƙi Yin Kwalliya

Ƙanena, kana ɗakinka na haya a Tudun Wada, ka buɗe fayil ɗin Python a Vim, sai ka tarar da shi baƙi da fari kamar shafin Gaskiya Ta Fi Kwabo na 1939. Kada ka yi gaggawar zargin maƙiya. Mutanen ƙauyenku ba su san Linux ba.

Fara da rubuta :syntax on. In launi ya bayyana, dama can ba ka taɓa kunna shi ba. Sa layin a ~/.vimrc, ka yi shiru da bakinka.

In kuma ya jefo maka E319, wai babu wannan umarni a sigar da kake da ita, to nan gizo ke saƙa. Vim ɗin da ya zo tare da Ubuntu, wanda ke amsawa in ka kira vi, vim-tiny ne. An sauke masa kaya don ya yi sauƙi, launi kuwa yana cikin kayan da aka sauke. Ko ka kwana kana roƙonsa ba zai ba ka abin da ba shi da shi ba. Rubuta vi --version. In ka ga -syntax, da alamar ragewa a gaba, ka tafi wajen mai kati ka sa data, ka dawo da sudo apt install vim. Wanda ya ce sai an sake wa kwamfutar komai, kuɗinka yake so.

Har yanzu shiru? Tambayi allon sunan da yake amsawa, da echo $TERM. In ya ce vt100, Vim na ganin kana zaune gaban na'urar 1978 ne, wadda ba ta san ja ko kore ba, shi ya sa ya tausaya maka. Abin da kake so xterm-256color ne. Masu tmux su gyara nasu a ~/.tmux.conf, ban da rantse-rantse.

Akwai kuma shuɗin nan mai duhu da ke shigewa cikin baƙin allo, musamman in an ɗauke wuta ka rage haske don batir ya kai la'asar. Idonka ƙalau, kada ka je asibiti. Rubuta :set background=dark, shuɗin zai washe.

Sannan dubi sunan fayil ɗin. Ka raɗa masa aikin_malam_na_ƙarshe_wallahi, babu .py a wutsiya, kana so Vim ya yi duba? Ko ka gyara sunan, ko ka gaya masa :set ft=python.

Masu nano, ku sa include "/usr/share/nano/*.nanorc" a ~/.nanorc.

In ka gama, danna Esc ka rubuta :wq. Zare batir ba ya cikin ƙofofin fita da marigayi Bram Moolenaar, wanda ya ƙirƙiri Vim, ya tanada tun 1991.