Dattijon da Ya Tashi da 'Ya'ya Biyar

A gindin wata dalbejiya a Lokuwa, cikin garin Mubi, an ga abin al'ajabi. Wani dattijo ya ƙura wa gurabun dara talatin ido, ya ƙirga 'ya'yansa, biyar suka rage cikin goma sha biyu. Ya kakkaɓe riga ya ce, "An cinye ni." Ya kama hanya.

Nan take kotu ta zauna. Mai shayi ya ce tsoro ne. Dillalin shanu ya rantse da ya tura ɗan gefen nan, da ya jera uku. Wani malamin makaranta ya gyara tabarau, ya ce ai a 1902 a Monte Carlo, Georg Marco ya sallama a darar Turawa, alhali turi ɗaya zai ba shi nasara. Aka jinjina kai, sai ka ce an san Marco a kasuwar shanu.

Sau uku ana mayar da 'ya'yan gurabunsu. Duk ukun dattijon ne ya ci, ga shi ba ya wurin.

Washegari aka tare shi. "Baba, me ya tashe ka?"

"Tuwo ne, ɗana. Hajiya ba ta aike sau biyu."