Yadda Kafar Kwamfuta Ta Tsare Mini Suruki

Malaman fiƙihu sun yi bayani mai gamsarwa a kan haƙƙin baƙo, dattawa kuma sun koya mana ladabin zama da surukai, amma har yau ban ci karo da wanda ya ba da fatawa a kan mutumin da haƙƙoƙin nan biyu suka haɗu a zaurensa ba, alhali kwamfutarsa ta tafi-da-gidanka, wadda tun ran da ya saye ta a gwanjo ta riga ta manyanta, ta ƙudura niyyar kunyata shi.

Surukina, dattijo mai kwarjini wanda ba na iya haɗa ido da shi, balle in kai loma a gabansa, ya iso daga ƙauye da hantsi, riƙe da faifan ajiya sabo fil da ɗansa ya aiko masa daga Saudiyya, yana bukatar in juye masa tafsirin watan azumi da na daɗe ina tarawa, sauti da hoto, kimanin gigabayit 100. Na durƙusa na ce, "Baba, ai kafin ku shanye furar nan an gama." Ya ce, "Madalla, motar la'asar zan bi."

Ko da na soka wayar faifan a kafar USB, sai ya shiga wani ƙas-ƙas, ya yunƙura ya tsaya, ya sake yunƙurawa, ita kuwa kwamfuta ko alamar ta san da zuwansa ba ta nuna ba. Sababin haka shi ne, a cikin irin wannan faifai akwai faranti wanda galibi yakan juya sau 5,400 a minti, kuma lokacin tashinsa daga kwance ne ya fi cin wuta. To, kafar USB 2.0, wadda ta fito a 2000, miliamfa 500 kaɗai aka wajabta mata ta bayar, ta USB 3.0 kuwa, mai shuɗin harshe, wadda ta biyo baya a 2008, har 900 take bayarwa. Nawa kafofin duk baƙaƙe ne, kuma tsufa ya sa ko farillar ba su cika saukewa ba.

Ana cikin haka sai ga maƙwabcina, wanda ba a taɓa kawo wata mas'ala ya ce bai san hukuncinta ba. Ya koma gida ya tono wani ɗan akwati mai kafofi huɗu da ake jona wa wutar bango, muka haɗa, faifai ya tashi lafiya lau, har Baba ya sa masa albarka. Ashe akwatin nan na zamanin USB 1.1 ne, tun 1998, wanda iyakar gudunsa megabit 12 a daƙiƙa, inda kafar kwamfutar kanta aka rubuta mata 480. Idan kuwa aka raba 12 ɗin gida takwas, aka kuma fid da abin da hanya ke ci, abin da zai saura bai wuce megabayit guda ba. Wato an ba ni cokalin shayi an ce in kwashe rumbu. Kwamfuta ta yi lissafinta, ta rubuta mini sa'a 28.

Na tattara ƙarfin hali na isar da labari, ina fatan ya ce a aika masa daga baya. Ya ce sam, kayan da ɗansa ya aiko masa ba ya kwana inda ba ya nan, a kawo tabarma. Uwargida ta yi ta murna tana yanka kaji, ni kuwa, da yake soket ɗaya ne mai aiki kuma a zaure yake, na zauna gadin aikin ina jin ƙanshi, na yi azumin da ba niyya ba lada. Kashegari, aiki ya kusa kaiwa gaci, aka ɗauke wuta. Batirin kwamfutar kuwa ya daɗe da riga mu gidan gaskiya. Baba ya yi salati, ya aika a sayo masa goro.

Wani yaro mai gyara a kasuwa shi ya warware mushkilar, bayan ya gama dariyarsa. Ya ce, "Kawu, jefar da akwatin nan," ya miƙo mini waya mai kai biyu, kai ɗaya na ɗaukar saƙo da wuta, ɗayan wuta zalla yake jawowa daga kafa ta biyu. Da ita faifan ya ƙoshi, gudu ya kai wajen megabayit 30, aiki ya kammala cikin kamar sa'a guda.

Na miƙa wa Baba amanarsa da hannu biyu. Ya jujjuya ta, ya jawo rediyonsa daga jaka, ya dudduba gaba da baya, sa'an nan ya ce, "Malam, ta ina ake sa shi?" Na ce, "Baba, wannan rediyo memori kaɗai yake ci." Ya laluba aljihu ya fito da wani ɗan memori mai gigabayit 2, ya ajiye a gabana, ya gyara kishingiɗa, ya ce, "To, juye mini duka a nan, ba sauri nake ba."