Hanya mafi kusa ba ita ce mafi sauri ba

Tsakanin Singafo da New York akwai kusan kilomita 15,300, kuma jirgin Singapore Airlines ƙirar Airbus A350 kan shafe sama da awa 18 bai sauka ba. Mai kallon taswirar da ke jikin kujerar gabansa zai rantse matuƙin ɗan tasi ne mai zagaye da baƙo don kuɗin ya ƙaru, domin layin ya lanƙwashe. Laifin na taswira ne. Duniya ƙwallo ce, aka baje ta a takarda. Ɗaura zare tsakanin biranen biyu a kan ƙwallon duniya, sai ka ga ya haura can kusa da ƙurewar arewa, inda ƙanƙara ba ta narkewa.

Wani zai ce to, sai matuƙin ya bi zaren mana. Ai nan ake yin ta, don sau da yawa ba ya bi. Can sama akwai iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas, saboda haka jirgin kan bi ta tekun Fasifik in zai tafi New York, ya dawo ta Atlantika da Turai. Gabas a zuwa, gabas a dawowa. Tafiyar ta ƙara tsawo, amma iska na tura shi, mai ya yi ragowa, an isa da wuri. Fasinja kuwa ya ci, ya yi barci, ya farka ya sake ci, gwiwa ta sage, ya duba allo ya ga saura awa bakwai.