Yadda Za Ka Gyara Hoto a Makera Ba Tare da Ka Sauya wa Amarya Dangi Ba

Da farko ɗauko wayarka ka ƙirga manhajojin gyaran hoto da ke ciki. In sun wuce biyu, goge sauran. An san yadda suka taru: wannan aboki ne ya tura maka ta Xender a majalisa, waccan a hannun ƙanwarka ka gani ranar suna, ɗaya kuma ba ka san ma ranar da ta shigo ba, talla kawai take zuba maka tana shanye data. Wanda ke ɗaukar hoto don sha'awa abu biyu yake bukata: abin da zai gyara da shi, da wurin da zai ajiye ya kuma iya nemowa.

Zaɓin kuwa aljihu ne ke yin sa. In a waya kake aiki, Snapseed ta ishe ka. Ta fito a 2011, Google ya sayi kamfanin da ya ƙirƙire ta a 2012, kyauta ce, kuma ba ta jiran intanet kafin ta yi aiki. Duk wanda ya taɓa fita tsakar gida ya ɗaga waya sama yana farautar sabis ya san darajar wannan. Lightroom ta kamfanin Adobe ana sauke ta waya kyauta, sai dai wasu kayan aikinta a kulle suke sai ka biya duk wata. Photoshop ma tun 2013 aka koma biyan wata-wata. Kafin ka shiga wannan, zauna da uwargida ku yi lissafi tare, domin ranar da ta gano da kanta, hoton fuskarka babu manhajar da za ta gyara shi.

Mai kwamfuta yana da GIMP da darktable don gyara, da digiKam don tsarawa, duk ba a biyan ko sisi. Darktable tana da wuyar sha'ani, makon farko kana kallonta tana kallonka, amma in kun saba ba ka sake waiwayen wata. Wanda kuma ya ce zai saka maka Photoshop cikakkiya a kan kuɗin shayi, yi masa godiya ka riƙe kwamfutarka. Kayan sata ne, kuma sau da yawa tafe suke da ƙwayar cutar da za ta kulle maka hotuna gaba ɗaya.

Yanzu ga aikin da kowa ke gudu. Ka dawo daga ɗaurin aure da hoto ɗari uku. A daren nan, kafin barci, za ka yi tankaɗe. Wanda ango ya rufe ido, goge. Wanda yatsanka ya tare rabin liman, goge. Wanda Kawu ya kai loma baki, goge shi don girman zumunci, kada ma ka nuna wa 'yan ɗakinku. In ka ɗauki abu ɗaya sau goma sha biyu, ɗaya ne mai kyau, kai ma ka san shi. Abin da ya rage ka zuba a folda mai suna irin na mutane, shekara a gaba, sai wata, sai rana: 2024-06-16 Babbar Sallah gidan Kawu. Da wannan tsari kwamfuta da kanta za ta jera maka su bi da bi. Ranar da Hajiya ta ce, "Ɗan nan, ina hoton marigayi na sallar bara waccan?" cikin minti ɗaya za ka miƙa mata, maimakon ka kwana kana murza allo tsakanin rasit ɗin banki da gaisuwar Juma'a.

Kada ka jingina tsarinka duka da manhaja ɗaya. Mutane da yawa sun saba da Picasa, Google ya daina kula da ita a 2016. Google Photos na da kyau, amma daga 1 ga Yuni 2021 ajiyar kyauta marar iyaka ta ƙare, abin da ake ba ka 15 GB ne, kuma da Gmail da Drive kuke rabawa. Saboda haka kowane hoto mai daraja ya zauna wuri uku: a waya ko kwamfuta, a filashi ko faifan ajiya da ke cikin akwati, sai kuma a intanet ko gidan wani ɗan'uwa. Waya tana faɗawa kwata, tana zamewa a Keke Napep, ana fizge ta a kasuwa. WhatsApp kuwa ba ma'ajiya ba ce, matse hoto take yi. In kana son ya isa da lafiyarsa, tura shi a matsayin fayil.

Sai gyaran kansa, inda ake yin ɓarna da kyakkyawar niyya. Fara da daidaita hoton in ya karkace, yanke abin da ya shigo ba gayyata, irin bokitin wanki da ke bayan amarya. Sannan haske, sannan launi, kowanne kaɗan. Dabarar ita ce ka ja ma'aunin har inda ya yi maka daɗi, sai ka dawo da shi rabi. Atamfa shuɗiya ta tsaya a shuɗiyarta, jan lalle kada ya koma kalar manja. In ka ɗauki kogin Kaduna daga kan gada da hunturu, rage hazon kaɗan amma bar masa rabonsa. Wanda zai gani shekara ashirin nan gaba yana da haƙƙin sanin cewa a watan Janairu aka ɗauka.

Fata kuma, don Allah, a bar ta yadda Allah ya yi ta. Amarya baƙa kyakkyawa ta shiga manhaja ta fito fara fat, hancinta ya tsuke, wuyanta da hannunta kowanne da kalarsa, har dangin ango su fara tambaya ko an yi musu musaya a hanya. Ƙurjin da ya fito da safiyar biki a share shi, ba laifi, jibi ma da kansa zai tafi. Abin da aka haife ta da shi nata ne. In fuska ta yi duhu a hoto, haske ne bai isa ba. Juyo da ita wajen taga ko inuwar bishiya da la'asar ka sake ɗauka.

Wannan gargaɗi ya fi ƙarfi a kan tsofaffin hotuna. Gidaje da yawa a unguwannin Makera da Kakuri na Kaduna suna da albam na zamanin masaƙu: Baba da kekensa a ƙofar masaƙar KTL, wadda ta fara aiki a 1957 ta tsaya a 2002, ko abokan aiki a jere da kayan ma'aikata. Manhajoji irin su Remini suna kaifafa irin waɗannan hotuna ta hanyar cike gurbin abin da ya dushe da hasashensu. Na'ura ba ta san Baba ba. Tana iya ɗaukar tsagar gadon da ke kuncinsa a matsayin ƙarzuwar takarda ta shafe, ta gyara masa wushirya, ta ba ka wani santalelen baƙo. Ɗauki hoton albam ɗin a inuwa, ba filasha, ko kuma da manhajar PhotoScan mai kawar da ƙyalli, ka adana na asali ba taɓi. In za ka yi wasa, yi a kan kwafi.

Abu biyu kuma babu manhajar da ke gyara su. In yawon ɗaukar hoto ya kai ka wajen masana'antar makamai ta DICON a Kakuri, ko wani shingen jami'an tsaro, mayar da waya aljihu ka wuce da sallama. Hoton matar mutane ko 'yar mutane kuma, komai kyansa, tambaye ta kafin ka ɗora a Facebook.

Ranar Asabar mai zuwa ka je gida ka roƙi Hajiya ta fito da albam ɗin nan daga ƙasan adaka. Kana ɗauka tana gaya maka sunayen mutanen ciki, kai kuma kana rubutawa a jikin kowane fayil, tun masu sanin fuskokin suna raye.